Kurman Awali

Jiya da hantsi farantin shayi ya suɓuce daga hannun 'yata, ya faɗi ƙasa, ya yi ta kaɗawa yana ƙara kafin ya kwanta. Kowa a falon ya zabura, ban da mahaifina, wanda kunnensa ya yi nauyi shekarun nan. Ban yi wa yarinyar faɗa ba, ban ma dubi kofunan da suka fashe ba. Abin da na saba yi tun ina 'yar shekara tara shi na yi: na bi kafaɗun mutane da ido in ga ta wa ta motsa. Ka yi mini uzuri, mai karatu, tsohuwar ɗabi'a ce, kuma a gonar dabino wani tsoho ya koya mini ita.

A Awali na tashi, kudu maso gabas da Madina, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa. Gidanmu a cikin katangar wata gona yake, inda kakana ya yi aikin ban ruwa har ya koma ga Allah, masu gonar kuma suka bar mu muka ci gaba da zama. Da ƙarar injin rijiya muke sanin gari ya waye. Ruwa ya biyo 'yan magudanai ya bi gindin dabinai, na'ana'ar da ke bakin ruwan ta cika wurin da ƙamshi. Lokacin sanyi ma'aikata su hau sama su zuba wa bishiyoyi garin fure, lokacin zafi kuma nonnan dabino su yi nauyi har a ɗaure su da igiya. Mahaifina ɗan ƙasa ne, haihuwar Madina, yana tuƙa motar alhazai daga Bi'ir Ali, inda ake ɗaura ihrami, zuwa Makka. Mahaifiyarsa muna kiran ta Sitti, yadda yaran Madina ke kiran kaka. Tana amarya ta baro ƙasar Kano da mijinta, suka yi shekaru a hanya, wani wuri a ƙafa, wani wuri a jaki. Ta baro ƙaninta yana rarrafe, ba ta sake ganin sa ba sai a akwatin talabijin.

Alhazan gida ne suke kawo mana kaset-kaset ɗinsa a matsayin tsaraba. Ashe yaron da aka baro yana rarrafe ya girma ya shiga soja, ya je yaƙi ya dawo da rai, ya ajiye kaki yana da muƙamin saje, sannan ya faɗa wasan kwaikwayo har sunansa ya cika ƙasa. Yau ka gan shi alƙali, gobe ɓarawon akuya, jibi makaho mai rigima, gata miji mai tsoron matarsa. Sitti takan zauna dab da akwatin, ta ja mayafi ta rufe baki, tana cewa wai wannan marar kunyar ƙaninta ne, Allah ya shirya. Amma in kaset ya ƙare ita ce mai cewa a mayar da shi farko. Abu ɗaya ne ba mu taɓa ganin ya fito a ciki ba, wato soja. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce kaki ba kayan wasa ba ne.

Wata shekara cikin azumi ya zo Umra, ya biyo Madina da adireshinmu a aljihu. Ina tuna dogon tsoho, siriri, gemu fari, yana tsaye a ƙofar gona kamar an kafa shi. Sitti ta fito tana dogara sanda, ta sa ya sunkuya, ta laluba bayan kunnensa na hagu inda ta san akwai tabon ƙuna. Da yatsanta ya taɓa wurin sai ta ce, "Auta," ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Mahaifina ya kira shi Kawu, gidan duka muka bi bakinsa. Ni kuwa tun ranar ya naɗa ni amaryarsa, ina ce masa na fi ƙarfin tsoho mai tabo a ƙafa, yana cewa sadakina ƙwayar dabino uku ne, kuma an yi mini tsada.

Bayan Sallah abokan tafiyarsa suka ɗaure kaya, shi kuwa ya ce ya zo ke nan. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun kama gabansu, ya gaji da sa mutane dariya. Abin da ya rage masa a duniya guda ɗaya ne: ya zauna kusa da yayarsa, in ajali ya zo a sallace shi a Harami, a kwantar da shi a maƙabartar Baƙi'a. Ba shi da wata buƙata bayan wannan, kuma ya faɗa ya maimaita har mu yara muka haddace. Mahaifina ya shiga ofis ya fita ofis yana nema masa iƙama, wato takardar zama. Aka ce ya tsufa da aiki, aka ce wanda ya shigo da takardar Umra sai ya fita tukuna, aka ce a dawo bayan Hajji. Takardarsa ta ƙare muna kallo. Daga ranar Kawu ya zama mutumin da in aka tare shi a hanya, jirgi ne zai mayar da shi gida.

Abu biyu ne suke iya tona masa asiri, fuskarsa da bakinsa. Ta fuskar mun gani da idonmu wata Juma'a a farfajiyar Harami, da wata Hajiya 'yar gida ta hango shi ta rangaɗa salati, kafin ka ce kwabo mutane sun yi masa zobe, wannan na jan hannu, wancan na roƙon ya yi musu tafiyar makahon nan. Da ƙyar mahaifina ya zare shi kafin masu tsaro su iso. Tun daga nan ya koma farar jallabiya irin ta mutanen gari, da jan ƙyallen ka da yake jawowa ya rufe rabin fuska, da baƙin tabarau. Bakin kuwa ba shi da magani, don Larabcinsa bai wuce na Sallah ba, ko gaisuwa ya yi an san baƙo ne. Shi da kansa ya kawo dabara. Ya ce in dai ya fita ƙofar gona, to shi kurma ne kuma bebe. Tsoho kurma a motar ɗan ƙasa, wa zai tsaya wahalar da shi?

Mahaifina ya yarda, amma ya ce a riƙa cusa masa auduga a kunne don kada a samu kuskure. Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci kamar ranar ba. Ya ajiye kofin gahawa ya ce, "Ni za a cusa wa auduga? Na yi makaho har wata tsohuwa ta aiko mini da maganin ido daga ƙauyensu. Ɗana, ka tuƙa motarka, ka bar mini sana'ata." Sitti ta ce a ƙyale shi, tun yana goye da taurin kai ya zo. Maganar auduga ta mutu a nan.

Sai ya mayar da abin wasa, ya ɗauke ni aiki. In lallaɓo ta bayansa a duk lokacin da na ga dama, in yi duk ƙarar da zan iya, in kafaɗarsa ta motsa na ci dabinon ajwa bakwai. Na yar da faranti, na buga murfin tukunya, na fasa leda a ƙeyarsa, na ƙwala ihu cewa ga kunama a ƙafarsa. Ko gashin idonsa bai motsa ba. Wai kurma ba ya yin fuskar wawa, in ji shi, idonsa ne ke yawo fiye da na kowa, bakin mutane yake kallo, kuma yana jin ƙasa in ta girgiza. Ya koyi yin 'yar ƙara a maƙogwaro in yana son abu. Ma'aikatan gonar maƙwabta shekara guda suna yi masa magana da hannu, suna tausaya mana.

Da yamma kuma, in rana ta yi sanyi, yakan jera mu yara tsakanin dabinai da sandunan reshe a kafaɗa, ya koya mana fareti. A nan na ɗauki tsawar da ake yi wa sojoji in ana so su ƙame, wadda ake jan farkonta a hankali sannan a datse ƙarshenta, a buga ƙafa. Wata rana yana zaune a bakin magudana yana wanke takalmansa, na zo ta baya ba da wata niyya ba, na ja tsawar nan iya ƙarfina na buga ƙafa. Bayansa ya miƙe tsam, kafaɗunsa suka koma baya, takalmin ya faɗa ruwa. Na yi tsalle ina ihu na ci, na ci. Da ya juyo na ga babu dariya a fuskarsa, sai na daina tsalle.

Ya jawo ni kusa ya ce, "Amaryata, wannan ba kunne ne ya ji ba, ƙashi ne." Ya ƙirga mini ajwa goma sha huɗu maimakon bakwai, ya ce maganar ta tsaya tsakaninmu, don in babana ya ji zai hana shi zuwa Harami, ko ya dawo da zancen audugarsa. Na yi masa alkawari. Na zauna a gindin bishiya na cinye dabinon nan tas, ina jin kaina babbar mace mai riƙe sirrin miji. Ban gaya wa kowa ba.

Shekara uku muka yi a haka. An tare motarmu ya fi a ƙirga, kullum mahaifina ya miƙa katinsa ya ce wannan kawunsa ne, kurma ne, takardunsa na gida, kullum a leƙo a ga tsoho yana kallon bakin mutane, a ce mu wuce. Duk Juma'a bayan an idar yakan tsaya a jikin katangar Baƙi'a ya daɗe yana leƙe. In mun dawo gida ya ce wa Sitti ya ga wuri mai kyau, amma ita ce babba, ta fara zaɓa. Ita kuma ta ce ya rufa mata baki, ba ta shirya ba.

Ita ce kuwa ta riga shi. Ta rasu da safe, cikin tsananin zafi, lokacin da dabino ya fara nuna, alhazai kuma sun fara cika gari, binciken takardu ya tsananta a kowace hanya. Mahaifina ya roƙi Kawu ya zauna a gida. Kawu ya dube shi kawai, ya ɗauki tabaransa. Motar gawa ta yi gaba don a sallace ta bayan la'asar, mu kuma muka biyo baya: mahaifina da Kawu a gaba, ni da mahaifiyata da gwaggona a baya.

Kafin mu shiga tsakiyar gari muka tarar da shinge. Wani matashin jami'i ya karɓi katin mahaifina, ya leƙo ya dubi Kawu, ya ji bayanin da aka saba, ya ji kuma gawa muke bi. Har ya yi mana ta'aziyya, ya miƙo katin. A daidai lokacin wata mota ta tsaya a bayanmu, wani babba a cikinsu ya sauko. Ɗaya daga cikin jami'an ya ja tsawa da Larabci, sauran suka buga takalma a kan kwalta lokaci guda. Kawu bai san kalmar ba, amma ashe tsawar nan ɗaya ce ko'ina, a ja farkonta, a datse ƙarshenta. Ina zaune a bayansa, na ga ƙeyarsa ta miƙe, kafaɗunsa sun koma baya, hannuwansa sun dunƙule a kan gwiwa. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Matashin nan yana tsaye a taga, ya gani, ya janye hannunsa da katin.

Babban ya zo, mutum ne mai furfura a gefen kai. Matashin ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Babban ya sunkuyo ya dubi yadda Kawu ke zaune, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tambaya da kalma ɗaya: "Askari?" Wato soja. Ina roƙon Allah a zuciyata Kawu ya kalli bakinsa ya yi 'yar ƙarar nan tasa. Maimakon haka sai ya buɗe ƙofa ya fita, ya cire tabarau, ya ƙame, ya sara, ya faɗi muƙaminsa da lambarsa da muryar da shekara uku ba a ji ta a wajen gona ba. Mahaifiyata ta dafe kai. Mahaifina ya zama tafinta tsakaninsu. Ka yi yaƙi? Kawu ya ɗaga jallabiya ya nuna tabon ƙwaurinsa. Ina takardarka? "Babu, ranka ya daɗe." Tun yaushe? Mahaifina bai fassara ba, amma Kawu ya gane, ya ɗaga yatsu uku.

Hafsan ya dubi hanyar da motar gawa ta bi. Matashin ya ciro littafi zai rubuta lambar motarmu, hafsan ya ɗaga masa hannu ya hana. Ya karɓi katin ya mayar wa mahaifina da kansa, ya ce, "Ku je ku binne mamaciyarku. In kun gama, ya dawo nan ya same ni kafin magariba." Bai riƙe komai namu ba, bai tambayi inda muke zaune ba.

Aka sallaci Sitti. Mu mata muka tsaya a farfajiya, maza suka shiga da ita Baƙi'a. An ce Kawu ne ya fara zuba ƙasa, kuma sai da aka janye shi. Da suka fito muka taru a jikin mota, mahaifina ya ce akwai wani abokinsa mai gona a can nesa da gari, yanzu zai kai Kawu, a kwana biyu ƙura ta lafa. Kawu ya ce hafsa ya ce ya dawo.

"Kawu, mutumin nan bai rubuta komai ba," in ji mahaifina. "Hanya ya buɗe maka! Kai da ka shekara ashirin kana wasa, ba ka gane wasa in ka gan shi?"

"Na gane, ɗana. Tun kafin ya rufe baki na gane. Amma a gaban yaransa ya faɗa. Ya yarda da ni don na ce masa ni soja ne. In ban koma ba, me zai gaya musu gobe?"

Mahaifiyata ta yi kuka, gwaggona ta haɗa shi da Allah da ƙasar da ba ta bushe ba a kan yayarsa. Ni na riƙe hannunsa na ce in ya tafi na fasa auren. Ya shafa kaina. Mahaifina ya rantse ba zai kai shi ba, sai Kawu ya juya ya kama hanya a ƙafa, cikin ranar nan, bayansa a miƙe. Muka bi shi a mota a hankali kamar masu rakiya, mahaifina na yi masa magana ta taga, shi kuwa yanzu ne ya zama kurman gaske. Da muka ga ƙafar mai tabo ta fara ja, mahaifina ya tsaya ya buɗe masa ƙofa. Mu biyar a motar, babu mai abin yi.

Da hafsan ya hango mu sai ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Na ji shi da kunnena yana cewa, "La haula. Me ya dawo da kai, ya shaihu?" Yaransa duka suna tsaye suna kallo, shi ma ba shi da yadda zai yi. Ya sara wa Kawu, ya buɗe masa ƙofar motarsu da kansa, ya sa shi a gaba. Kafin ya shiga, Kawu ya leƙo tagarmu ya miƙo mini baƙin tabaransa, ya ce, "Riƙe, amaryata, an tashi daga wasa." Mahaifina ya sha zirga-zirga makonni, ya sha faɗa, ya sa hannu a takardu, bai iya canja komai ba. Jirgi ya mayar da Kawu gida. Damina biyu ya yi ya rasu. Alhazai suka ba mu labarin jana'izarsa, wai ba a taɓa ganin taro irin nata ba a garin, har kan katanga mutane suka hau. Ni ban ji daɗin labarin ba ko kaɗan, don ba taro ya roƙa ba. Mahaifina ya ce ba a nan aka ɗebi ƙasarsa ba, kuma na san gaskiya ne, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Gonar nan yanzu babu ita, gidajen sama ne a wurin, inda rijiya take ana wanke motoci. A shinge kuma ba a tambayar kowa labari, yatsa ake ɗorawa a na'ura, kurma da mai ji duk ɗaya. Kwanaki 'yata ta nuno mini wani ɗan bidiyo a wayarta, an jero 'yan wasan da suka taɓa aikin soja, sai ga Kawu yana tafiyar makaho. Tana dariya, rabin Hausar ma ba ta kama ba, ta tambaye ni da Larabci ko da gaske danginmu ne. Na ce mata da gaske. Ban ƙara komai ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Abin da ke cina shi ne audugar nan. Ita kaɗai ce da ta tsaya tsakanin ƙashinsa da waccan tsawa, kuma ni kaɗai a gidan na san ana buƙatar ta. Da na buɗe baki, da mahaifina ya tilasta masa, ko da za su yi wata ba sa magana. Na sayar da maganar a kan ajwa goma sha huɗu. Mutane za su ce yarinya ce, me ta sani, ni ma na sha gaya wa kaina haka, bai taɓa yi mini magani ba.

Jiya, bayan an kwashe fasassun kofunan kowa ya watse, na matsa kusa da mahaifina na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, na san Kawu yana zabura in an yi tsawar soja. Tun kafin ranar na sani, na ɓoye maka." Na faɗa da ƙarfi, har na ji muryata ta dawo mini daga bango. Ya zuba wa bakina ido yana bin leɓɓana, irin kallon da Kawu ya koya mana, ya kara hannu a kunne ya ce, "Na'am? Me kika ce, 'yata?"

Na ce, "Shayi na ce, Baba. Ko in dafa wani?"

Ya ce to, in sa na'ana'a da yawa.